Kafin Ranar Wankin Ƙoda: Tanadin Jijiya da Motsa Hannu

Injin wankin ƙoda ba ya aiki da ɗigon jini. Kafin ya tace dattin da ƙoda ta gaza fitarwa, sai an riƙa janyo jini kimanin mililita 300 zuwa 400 a kowane minti, a bi da shi ta matata, a mayar da shi jiki, a yi ta haka har awa huɗu. Jijiyoyin nan da ke tasowa a hannu, waɗanda ake ɗibar jinin gwaji ko a sa ƙarin ruwa ta cikinsu, ba za su iya wannan aiki ba. Sirara ne, bangonsu ba kauri, da an ja da ƙarfi sai su lotse. Masu ƙarfin kuwa, waɗanda ke harbawa tare da bugun zuciya, suna can ciki, kuma huda su kowane mako ganganci ne. Shi ya sa duk wanda zai daɗe yana wankin ƙoda sai an buɗe masa ƙofa ta musamman a jikinsa. Rabin aikin wannan ƙofa na likita ne. Ɗaya rabin yana hannun majinyacin, kuma tun watanni kafin ya ga injin yake farawa.

Ƙofofin uku ne, darajarsu ba ɗaya ba. Ta farko ita ce wadda ma'aikatan asibiti ke kira fistula, kuma ba abin da ya haɗa ta da yoyon fitsari. Likitan tiyata ne zai tsaga fata kaɗan, galibi a tsintsiyar hannu ko a lanƙwasar gwiwar hannu, ya ɗinke jijiya mai harbawa da jijiya mai mayar da jini zuciya su zama a haɗe. Daga ranar, jini mai ƙarfi zai riƙa kwarara cikin siririyar jijiyar, ita kuma ta yi ta buɗewa, bangonta yana kauri, har ta kai a soka mata manyan allurai biyu ba ta fashe ba. Wasu likitoci ne a wani asibitin tsofaffin sojoji a Amurka, Cimino da Brescia da likitan tiyata Appel da abokin aikinsu Hurwich, suka bayyana dabarar a 1966, kuma har yau ita ce kan gaba ga yawancin majinyata. Naman jikin mutum ce, babu baƙon abu a cikinta, ƙwayoyin cuta ba su cika kama ta ba, kuma in ta samu kulawa takan yi shekaru tana aiki. Aibinta ɗaya: ba a amfani da ita sai ta nuna, nunarta kuwa daga mako shida ne zuwa wata uku ko huɗu.

Ta biyu girafti, wato wani bututu mai laushi da ake binnewa ƙarƙashin fata ya haɗa jijiyoyin biyu, idan na mutum sun yi ƙanƙanta ko sun lalace. Cikin mako biyu zuwa huɗu akan fara amfani da shi, sai dai ya fi fistula saurin toshewa da kamuwa da cuta. Ta uku ita ce kateta, wadda majinyata suka fi sani da roba, a wuya ko a cinya. Ana sa ta yanzu a yi wanki yanzu, kuma ta ceci rayuka ba iyaka. Amma bakinta ɗaya yana waje, ɗayan yana cikin babbar jijiya, saboda haka hanya ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta su shiga jini kai tsaye. Ta cinya ba a so ta wuce 'yan kwanaki. Ta wuya da ake bi da ita ƙarƙashin fata tana iya yin watanni, amma in ta daɗe takan tsuke jijiyar da take ciki, tsukewar kuma ta ɓata wa fistular gobe hanya.

A yawancin cibiyoyin wankin ƙoda na Nijeriya, majinyaci da robar cinya yake farawa, domin ba ya zuwa sai jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya, amai ya ƙi tsayawa. Wanda ya zo a haka ba shi da zaɓi, kuma ba abin zargi ba ne. Wanda nake so ya ji ni shi ne mai hawan jini ko ciwon sukari da likita ya riga ya ce masa ƙodarsa tana ja da baya, da mutanen wurare irin su Gashuwa da sauran garuruwan bakin kogin Yobe inda ciwon ƙoda ya yi yawa. A takardar gwajin ƙoda akwai wata lamba da ake rubutawa eGFR, ita ke nuna ƙarfin tacewar da ya rage. Idan ta sauka ƙasa da 30, tsare jijiya ya zama dole. Idan ta kai 15 zuwa 20 kuma tana ci gaba da sauka, lokacin ganin likitan tiyata ya yi. Mutane da yawa suna jin an ambaci fistula sai su ɗauke ƙafa daga asibiti, suna ganin yarda da ita tamkar kiran ciwon ne. Yin fistula ba ya kashe ƙoda, ba ya kuma matso da ranar wanki. Akwai masu yin shekara da ita ba a taɓa soka mata allura ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsare jijiya

Jijiyoyin hannu da suka dace da fistula ba su da yawa. Wadda aka fi so ita ce mai bi ta gefen babban yatsa ta haura sangalin hannu har damtse, sai kuma waɗanda ke lanƙwasar gwiwar hannu. Abin takaici, su ne kuma kowane mai ɗibar jini yake fara nema, saboda sun fi sauƙin samu. Kowace huda tana barin tabo a cikin jijiya, robar ƙarin ruwa da ta kwana uku a wuri ɗaya kuwa tana iya busar da jijiyar gaba ɗaya. Jijiyar da ta yi tabo ba ta buɗewa yadda ake so, komai motsa hannun da aka yi.

Saboda haka a zaɓi hannu ɗaya a keɓe shi. Galibi wanda ba a cika aiki da shi ba ake zaɓa, hagu ga yawancin mutane, dama ga bahago, sai dai in hoton sikanin ya nuna jijiyoyin ɗayan sun fi kyau. Daga ranar, ba ɗibar jini, ba allurar jijiya, ba ƙarin ruwa a wannan hannu. Ko a ɗaya hannun ma, a roƙa a yi amfani da jijiyoyin bayan hannu, tsakanin yatsu da tsintsiya, domin ba a san ranar da za a buƙaci sangalinsa ba. Ya fi zafi, gaskiya ne. A daure.

A nan kunya ke cutar da mutanenmu. Ma'aikaciyar jinya ta riga ta ɗaure damtse, layi ya yi tsawo a bayanka, sai ka ji nauyin magana. Ka yi maganar. "Sista, don Allah a duba bayan hannu, wannan an ajiye shi saboda wankin ƙoda." Ba rashin ladabi ba ne, kuma duk wadda ta san aikinta za ta gane. Idan majinyaci ya galabaita ba ya iya magana, mai jinyarsa ne bakinsa, shi ma sai ya san wannan. Ƙarin ruwan da ake yi a kemis ko a gida da zarar an ji kasala, mai ciwon ƙoda ya bar shi sam. Yana cinye jijiya, ruwan kuma yana iya taruwa a huhu. Idan an kwanta asibiti aka ce za a sa doguwar roba ta damtse, ko ta ƙarƙashin ƙashin da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa, a nemi a tuntuɓi likitan ƙoda tukuna, domin waɗannan biyun sun fi kowace tsuke manyan jijiyoyin da jinin hannu ke bi ya koma zuciya. Mai shan sigari ko shisha kuma ya sani hayaƙin yana tsuke jijiyoyi yana taurara su, daidai kishiyar abin da ake nema.

Motsa hannu kafin tiyata

Likitan tiyata yana auna jijiyoyi da sikanin kafin ya yanke shawara. Yakan so mai harbawa ta kai faɗin milimita 2, mai mayarwa kuma milimita 2 zuwa 2 da rabi. Bambancin rabin milimita na iya sa a yi fistula a tsintsiya, ko a tsallake zuwa gwiwar hannu. Yin ta a tsintsiya ya fi, don in ta lalace wata rana akwai sauran wuri a sama. Wanda aka fara masa daga sama ya yi asarar na ƙasa.

Idan tsoka tana aiki tana neman ƙarin jini, jijiyoyin da ke ciyar da ita su buɗe, in kuma aka maimaita kullum sai buɗewar ta fara zama. An yi ƙananan bincike da dama da suka nuna cewa matsa abu da hannu kowace rana na mako shida zuwa takwas yana ƙara faɗin jijiyoyin sangali ga masu ciwon ƙoda. Ƙarin ba mai yawa ba ne, kuma ba kowa ke samunsa ba. Duk da haka ina ganin ya cancanci wahalarsa: ba ya cin ko kwabo, haɗarinsa kaɗan ne, kuma a wannan ciwo mai cinye dukiya da ƙarfi, samun abu ɗaya da mutum zai yi wa kansa da hannunsa yana da daraja.

Abin matsawa ba sai an saya ba. Ƙwallon roba mai laushi ya yi, guntun soson katifa ya yi, safa biyu da aka dunƙule sun yi. A zauna, a sauke hannun ƙasa da ƙirji, a ɗora shi kan cinya. A matsa da matsakaicin ƙarfi, kamar sulusi zuwa rabin iyakar ƙarfin mutum, a riƙe a ƙirga biyar, a saki gaba ɗaya yatsu su miƙe, a sake. In an yi sau goma zuwa goma sha biyar a huta minti ɗaya, a ƙara zagaye biyu ko uku. A yi haka sau uku ko huɗu a yini. Wanda ya haɗa shi da lokutan salla, ya idar ya ɗauki ƙwallonsa kafin ya tashi daga darduma, ba zai riƙa mantawa ba. Kowane asibiti da irin ƙidayar da yake bayarwa, in naku ya ba da tasa a bi ta. Yin kullum ya fi yawan ƙidaya muhimmanci.

Kada a riƙe numfashi ana matsawa. Yunƙuri da rufaffen numfashi yana harba hawan jini, mai ciwon ƙoda kuwa da ma jininsa a sama yake. Ƙirgawa a bayyane tana hana wannan. Gajiya a sangali ita ake nema, amma zafi mai suka ko dindiris ɗin yatsu alama ce a tsaya. Wasu asibitocin sukan koya wa majinyaci ya ɗaure damtse sama-sama da roba yana matsawa, don jijiya ta cika. Wannan sai wanda aka nuna masa da hannu, aka faɗa masa minti nawa. Kada a ji labari a ɗauko igiya ko robar tayar keke.

Tiyata da makonni biyun farko

Aikin ba babba ba ne. Galibi hannun kawai ake kashewa, mutum yana farke, a gama cikin awa ɗaya ko biyu, ya koma gida ranar ko washegari. A kwanakin farko hannun zai ɗan kumbura. A ɗora shi kan matashi ya ɗara ƙirji tsawo, gwiwar a miƙe ko a ɗan lanƙwashe, a riƙa motsa yatsu tun daga ranar farko. Kada ruwa ya taɓa ciwon sai an ba da izini. Malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji ga mai rauni, sai a tambaya a yi alwala da natsuwa. Tunda da hagu ake tsarki, kuma a hagun aka fi yin fistula, a kula sosai: a wanke hannun da sabulu kowane lokaci, ruwan kuma kada ya gangaro kan ɗinkin. Don zafi, farasitamol ya isa. Diclofenac da Ibuprofen da haɗin da ake ƙullawa a kemis don ciwon jiki suna ƙarasa ɗan ƙarfin da ya rage wa ƙoda, suna kuma sa zubar jini. Akan cire zare bayan kwana 10 zuwa 14, in ba mai narkewa aka sa ba.

Abu uku ne ba a jira wa ranar komawa asibiti: jini ya jiƙe bandeji ya ƙi tsayawa, ko ciwon ya yi ja da zafi da mugunya ko zazzaɓi ya biyo, ko tafin hannun ya yi sanyi ya koɗe yana zogi, yatsu sun ƙi motsi. Na ukun yana nufin fistula tana kwashe jinin da ya kamata ya isa yatsu. An fi ganinsa ga tsofaffi da masu ciwon sukari, musamman in a gwiwar hannu aka yi aikin. Ɗan sanyin yatsu na 'yan makonni ba baƙon abu ba ne, amma zogi da mutuwar yatsu a ranar ake kai su asibiti.

Motsa hannu bayan tiyata

Likitan da ya yi aikin shi zai faɗi ranar farawa. Wasu kan ce bayan 'yan kwanaki da zafi ya lafa, wasu sai an cire zare. A fara da matsa ƙwallo kamar da, amma a sassauta, a riƙa ƙarawa mako bayan mako. Gidauniyar Ƙoda ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce hujjar da ake da ita kan motsa hannu bayan tiyata ba ta yi ƙarfi ba tukuna, amma in za a yi, motsa hannu gaba ɗayansa ya fi motsa yatsu kaɗai. Dalilin a fili yake. Wanda fistularsa ke gwiwar hannu, jijiyar da ake so ta girma a damtse take, matsa ƙwallo kaɗai ba ya kai mata yadda ya kamata.

Robar ruwa ta rabin lita nauyinta rabin kilo ne, kuma ta isa farawa. A riƙe ta, hannu a sake a gefe, tafin yana kallon gaba, a lanƙwasa gwiwa a kawo ta kafaɗa a hankali, a sauke a hankali, sau goma zuwa goma sha biyar. Sai a ɗora sangali kan cinya ko tebur, tsintsiya ta leƙo waje, a riƙa ɗaga robar da tsintsiyar kaɗai, sau goma tafi na kallon sama, sau goma yana kallon ƙasa. Sai a juya sangalin, tafi sama, tafi ƙasa. A ƙarasa da taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa ana dannawa, ko matsa abin maƙale shanya. Duka bai wuce minti goma ba. In rabin kilo ya zama wasa a koma kilo ɗaya, a tsaya nan sai an ji daga likita.

A makonnin farko kada a ɗaga abin da ya wuce kilo huɗu ko biyar da hannun. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, saboda haka ɗibar ruwa da jan guga da daka da faskare da riƙon garma duk sai a ɗaga musu ƙafa. Mata ne suka fi shan wahalar wannan, domin aikin gida ba ya jiran kowa, kuma su ne jijiyoyinsu suka fi ƙanƙanta tun asali. Maigida da 'ya'ya su sani cewa hutun makonnin nan magani ne. Bayan an warke, hannun ba na ajiya ba ne, a yi aikin yau da kullum da shi, hakan ma yana taimakon jijiyar. Abin da aka hana har abada shi ne matsi: awon hawan jini a hannun, agogo, awarwaro, kambu, hannun riga mai maɓalli da ya kama tsintsiya, rataya jaka ko bokiti a sangali, yin matashi da shi, ko barin yaro ya yi barci a kansa.

Tsakanin mako na huɗu da na shida dole a koma a duba. Likitoci suna da ma'aunin da suke riƙewa da lamba shida: faɗin jijiya ya kai milimita 6, zurfinta daga fata kada ya wuce milimita 6, jinin da ke bi ta ciki ya kai mililita 600 a minti. Kusan fistula ɗaya cikin huɗu ba ta nuna, a wasu wuraren ma abin ya fi haka. Mafi yawan lokuta dalilin wata tsukewa ce kusa da ɗinkin, ko wasu rassan jijiya da ke raba jinin, ko jijiyar ta yi zurfi cikin kitse. Babu ɗaya cikin waɗannan da ƙwallo ke gyarawa. Ana buɗe tsukewa da ɗan balan-balan da ake zurawa cikin jijiya ko da ƙaramar tiyata, ana ɗaure rassa, ana ɗago jijiya mai zurfi kusa da fata. Wanda aka ce wa "je ka ci gaba da matsawa" wata uku a jere ba tare da an sake sikanin ba, ya nemi a duba masa da kyau. Wanda tasa ta ƙi kuma kada ya ɗora wa kansa laifin rashin ƙoƙari.

Dubawa ta kullum

A ganina wannan ya fi duk motsa hannun da aka lissafa muhimmanci, kuma bai kai minti ɗaya ba. Da safe da dare, a ɗora yatsu uku a kan tabon aikin. Za a ji wata kaɗawa mai laushi marar yankewa, kamar wayar da aka cire wa ƙara tana ruri a aljihu. Ita ce shaidar jini yana gudu. A kara kunne, ko wani na gida ya kara, za a ji shuuu, shuuu. Sai a ɗaga hannun sama da kai: lafiyayyar fistula takan lafa ta yi laushi. In ta tsaya tauri a cike, ko kaɗawar ta koma bugu mai ƙarfi, ko sautin ya koma fito siriri, ko hannun duka ya kumbura, akwai tsukewa a gaba, a faɗa a zuwa na gaba. In kuwa aka taɓa aka ji shiru, jini ya daskare. Ba a jira gari ya waye sau biyu. Cikin kwana ɗaya ko biyun farko ne aka fi samun damar ceto ta. Kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi.

Bayan tsukewa, wani babban abin da ke daskarar da jini a fistula shi ne faɗuwar ƙarfin jini. Gudawa da amai da zufar bazara suna jawo shi, haka shan maganin hawan jini dab da hawa inji in ba likita ya ce a sha ba, haka azumi ga wanda jikinsa bai ɗauka ba, shi ya sa ake shawara da likita kafin watan ya kama. Akwai kuma wata hanya da ba a cika lura da ita ba. Ƙa'ida wanki sau uku ne a mako, amma tsada ta sa da yawa sau ɗaya ko biyu suke samu. Tsakanin wanki da wanki ruwa yana taruwa, ranar zuwa sai a cire lita da yawa cikin awa huɗu, jini ya faɗi, fistula ta tsaya. Gishiri ke kawo ƙishirwa, ƙishirwa ke kawo tarin ruwa. Rage gishiri da dunƙulen miya, ashe, yana cikin tsaron jijiyar hannu.

Sauran jiki

Ciwon ƙoda yana zaizaye tsoka, ƙarancin jini yana kawo kasala, 'yan uwa kuma saboda tausayi sukan hana majinyaci ko ɗaukar buta. Kwanciyar nan tana ƙara raunana shi. Zuciya ce ke tura jinin da fistula ke rayuwa da shi, kuma ciwon zuciya ne ya fi kashe masu wankin ƙoda. Wani bincike da aka yi a Italiya aka wallafa a 2017 ya sa masu wankin ƙoda tafiya a ƙasa a gidajensu, 'yan mintuna a rana, kwana uku a mako, har wata shida. A ƙarshe sun fi waɗanda ba su yi ba nisan tafiya da saurin tashi daga kujera.

A fara da minti biyar zuwa goma, da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, don kada zufa ta tayar da ƙishirwar da ba a da izinin kashewa. A ƙara minti ɗaya ko biyu duk bayan 'yan kwanaki, har a kai rabin awa a yawancin ranaku in jiki ya yarda. Saurin da ya dace shi ne wanda mutum zai iya hira yana tafiya. Matar da ba ta fita, zagayen tsakar gida ya wadatar. A haɗa da tashi da zama daga kujera sau goma, ba tare da dafa hannun fistula ba. Ranakun da ba wanki sun fi dacewa, domin bayan saukowa daga inji jiki a sake yake, jiri kuma ba ya nisa. Mai ciwon sukari ya sa takalmi mai rufi, ya duba tafin ƙafarsa in ya dawo. Ƙashin mai ciwon ƙoda yana da rauni, don haka tsalle da kokawa da ɗaga ƙarfe mai nauyi ba nasa ba ne. Mai roba a wuya ya kiyaye ta daga ruwa da zufa, ba wanka a rafi ko kududdufi. Ranar da ake zazzaɓi, ko aka tsallake wanki jiki ya yi nauyi, a huta. Ciwon ƙirji, haki marar dalili, bugun zuciya barkatai ko duhun gani suna nufin a tsaya nan take a nemi asibiti.

Idan an fara soka allura

Sabuwar fistula tana da taushi. A zaman farko akan sa ƙananan allurai, a rage gudun inji, kuma ya kamata gogaggen ma'aikaci ne zai soka. Majinyaci yana da haƙƙin ya roƙi haka. Kafin a hau gado a wanke hannun da sabulu. In allura ta zarce jini ya taru ƙarƙashin fata, a sa ƙanƙara a tsumma a ɗora ranar farko, daga washegari a koma ɗumi kaɗan.

Mai wanki sau uku a mako allura 312 ake soka masa a shekara. In duk a wuri ɗaya aka zuba su, bangon jijiyar zai saki ya kumbura ya yi ƙullutu. Wurin da aka saba hudawa ba ya zafi, shi ya sa majinyata ke roƙon a maimaita nan. Kada a roƙa. A bari a riƙa matsawa gaba kaɗan-kaɗan a bi tsawon jijiyar, sannan a dawo farko. Bayan an zare allura a danne da yatsu biyu kamar minti goma, dannewar da za ta tsayar da jini amma a ci gaba da jin kaɗawar a sama da wurin. Kada a naɗe hannun tam da bandeji, kada a ɓantare ɓawon da ya bushe. In jini ya fara daɗewa bai tsaya ba fiye da yadda aka saba, a sanar, domin sau da yawa alamar tsukewa ce.

Ƙullutun fistula ba maruru ba ne. Jini ne mai gudu da ƙarfin zuciya a ƙarƙashin fata siririya. Kada wanzami ya kusance shi da aska ko ƙaho, kada a yi masa sakiya, kada a shafa masa wani haɗi. In fatar kansa ta fara sheƙi, ko wani gyambo ya ƙi warkewa a wurin, ko yana girma da sauri, a je asibiti a ranar. In kuma ta ɓalle da jini a gida, a danne daidai bakin wurin da yatsu da ƙarfi, ko a kifa murfin robar ruwa a kai a danne, a ɗaga hannun sama, wani ya nemo abin hawa. Naɗa tawul ko zane yana ɓoye jinin ne kawai, ba ya tsayar da shi. Kowa a gidan, har yaran da suka yi wayo, a nuna musu wannan tun kafin a buƙace shi.

Da zarar an yi wanki kamar sau uku a jere da allurai biyu lafiya lau, a tambayi ranar cire robar wuya, kada a bar ta don ko-ta-kwana. Ɗaya hannun kuma a ci gaba da tsare sangalinsa da gwiwarsa kamar yadda aka tsare na farko, a riƙa ba da bayan hannu kaɗai in za a ɗebi jini, in da hali ma a bari sai ranar wanki a ɗiba ta layin inji.